Kuɗin tallafin ƙananan garuruwa a Amurka: zai gyara min shago?

Wata Hajiya da ke wani ƙaramin gari a jihar Texas ta turo min tambaya. Tana da shagon kayan abincin gida, su manja, garin rogo, daddawa, busasshen kifi, rufin shagon na yoyo kuma tana son sayen babbar firiza, sai wani ya ce mata akwai kuɗin CDBG, wato tallafin raya garuruwa, da gwamnatin tarayya ke rabawa kyauta, ta ba shi na goro ya cike mata fom.

Hajiya sannu da ƙoƙari. Mutumin nan dai kar ki ba shi ko sisi. Kuɗin akwai su ba ƙarya ya yi ba, tun 1974 aka kafa shirin a ƙarƙashin HUD, ma'aikatar gidaje da raya birane, amma ba fom ɗin da ɗan kasuwa zai cike ya tura Washington. Manyan birane irin su Houston da Dallas su ke karɓar nasu kai tsaye. Garin da bai kai mutum 50,000 ba kuwa galibi nasa ta hannun jiha yake biyowa, tun gyaran dokar da aka yi a 1981, kuma ku a Texas ma'aikatar noma ce ke riƙe da shi, ni ma da farko abin ya ban mamaki. Hukumar garinku ce za ta nema a wajen jiha, ta yi takara da sauran garuruwa, in ta samu sannan ne zai iya gangarowa kanki.

Kuma gaskiya yawancinsa bututun ruwa da magudanar ƙazanta da titi yake tafiya, don doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya amfani masu ƙaramin ƙarfi, wato gidan da samunsa bai wuce kashi 80 na matsakaicin samun yankin ba. Ɗan abin da ke zuwa wa 'yan kasuwa sau da yawa rance ne mai sauƙin ruwa ba kyauta ba, to in batun riba na damunki ki tambaya tun kafin ki sa hannu a komai.

Inda kike da ƙofa shi ne shagonki ƙarami ne, dokar na da gurbi ga sana'ar da ma'aikatanta ba su wuce biyar ba har da mai ita. In kuma da sunan samar da aiki aka ba ki, sai kashi 51 na ayyukan sun tafi ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma fa za a zo a duba takardun albashi, ba maganar baki ba ce.

Abin da ke kayar da mutane shi ne gaggawa. Ki kira mai gyaran rufi ya fara aiki kafin a kammala binciken da ake yi na tasirin aikin ga muhalli, kina cewa ai za a biya ni daga baya, shi ke nan kin iya fitar da kanki daga lissafi, ga shi abin na cin watanni.

Ki shiga ofishin magajin gari ki tambayi sakatare ko suna neman CDBG bana da ranar da za a yi taron jin ra'ayin jama'a, dole ne su yi shi kafin su nema. Ki riƙe takardun harajinki. Rufin kuwa tunda ruwa na sauka kan buhunan gari, ni da ni ce sai na toshe shi da kuɗin aljihuna yanzu, in bar maganar firizar ta jira.