Tambayi Anti: Ina zan kai amaryata ta ga teku a Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Katsina ne amma a Agege nake zaune ina gyaran waya, ban daɗe da aure ba na ɗauko amarya daga gida na kawo ta nan, to wallahi tunda tazo daga ɗaki sai kasuwa sai gidan suna, teku ma a waya kawai take ganinsa. Ina so in fita da ita yini guda mu biyu kawai, na tsara Badagry da Lekki da Tarkwa Bay da sinima duk a asabar ɗaya, kuma ban faɗa mata ba so nake ya zo mata ba zato. Aljihun dai ba nauyi. Ya kike gani? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, maza da yawa sai a shekara biyar basu yi tunanin haka ba. Amma wannan lissafin naka yaga shi. Badagry tana can yamma hanyar bodar Seme, Lekki tana gabas, kai kuma kana Agege, in ka ce duk zaka haɗa to a cikin danfo zaku yini kuna shaƙar hayaƙi, ta dawo gida da ciwon kai tana cewa dama ta zauna ta yi wankinta. Wuri biyu sun isa, kuma su zama kusa da juna.

Ni shawarata ku nufi Lekki. Ku fita bayan asuba kaɗan, ƙarfe bakwai ta same ku a hanya kafin gosulo ya farka, gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12 kuma a kanta zata fara ganin ruwa, ka bata gefen taga. Amma ka faɗa mata wannan ba shine tekun ba tukunna, lagun ne, wato tafkin da ke haɗe da teku, kar ta gama mamakinta tun a nan.

Ku fara da Lekki Conservation Centre, daji ne da aka killace tun 1990 a tsakiyar gari, akwai hanyar katako da ake bi ta cikin bishiyoyi da fadama, ga birai ga inuwa, sannan ga gadar nan ta sama mai tsawon mita 401 da ake tafiya a kanta tana lilo. Kuɗin shiga daban na hawa gadar daban, kuma in ana ruwa basa bari a hau. Anan ne maganar ba zato ta lalace, don in baka faɗa mata komai ba zata ci kwalliyar biki ne, leshi da ɗaurin ture kaga tsiya da takalmi mai tsini, ka kai ta gindin gadar nan ta tsaya tana kallonka. Ka ɓoye sunan wurin in kana so amma ka ce mata ta sa takalmi flat da doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, hijabin ma madaidaici wanda iska bazata dinga wasa dashi ba. In kuma ta ce tsoro take ji kar ka matsa mata, kar kuma ka yi mata dariya gaban mutane, ku yi yawonku a ƙasa ya wadatar. Birran wurin ɓarayi ne na gaske, in sun ga leda a hannu sai sun bi, ku sa abincin a jaka ku zuge.

Azahar akwai babban masallacin Lekki a Phase 1, ku yi sallah ku huta. In rana ta yi zafi ku leƙa Nike Art Gallery, nan kusa ne, bene ne hawa hawa cike da zane da adire da sassaƙa, shiga kyauta, wuri ne mai kyau na hoto kuma ba wanda zai ce sai kun saya.

Sai teku. Kar wani tsohon ɗan Legas ya ce maka Bar Beach, babu shi yanzu an cike wurin an gina Eko Atlantic, Landmark ma an rushe bakin ruwansa a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Elegushi na nan kusa, ana biyan kuɗin geti, sai dai gaskiya da yamma musamman lahadi kiɗa ne da shaye shaye da shigar da amaryarka zata dinga sunkuyar da kai, shi yasa gara asabar ɗin da ka zaɓa, kuma ku je da wuri ku taka can gefe inda ba cunkoso. Tarkwa Bay ya fi natsuwa ruwansa ma ya fi kwanciya, amma sai da jirgin ruwa ake zuwa, to wannan ka bar shi wata rana ta daban in ta saba, kuma ranar kar ku shiga jirgin da bai baku rigar kariya ba, ku dawo tun da sauran rana.

Abu ɗaya da bana wasa dashi, tekun Legas ba kogin garinku bane. Igiyar tana zuwa kamar da wasa amma in zata koma janye yashin ƙarƙashin ƙafa take yi ta ja mutum, ga zani ko doguwar riga in ta jiƙe nauyi take. Ku tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, ka riƙe hannunta, kar a juya wa ruwa baya don selfi. Masu doki da masu rumfa da kujera ku yi ciniki kafin ku hau ko ku zauna, in ba haka ba kuɗin da zasu faɗa sai ka riƙe baki.

Maganar aljihu, abincin bakin teku tsada ne kuma ba lallai ya yi mata daɗi ba. Ka sayi ruwa da lemo tun daga unguwa, amma dan Allah kar ka sa ta tashi ƙarfe huɗu tana soye soye wai guzuri, ranar hutunta ce. A hanyar dawowa ku tsaya Obalende ku sayi tsire wajen 'yan uwa, magariba ma ga masallaci nan. Ka ware kuɗin Bolt, tasin da ake kira ta waya, na dawowa daban tun safe kar ka taɓa shi, lokacin ta gaji ba lokacin kokawar shiga mota bane. In damina ce musamman watan Yuni da Yuli ka duba sama kafin ku fita, Lekki ruwa na kwanciya a titi sosai. Wayar kastomomi kuma a kashe ta ranar, ko a bar wa yaron shago.

TAMBAYA: Anti ni an sa mana rana saura wata biyu, yace in zo mu je bakin teku mu biyu kafin biki. In je? Daga wata 'yar Idi Araba.

AMSA: 'Yata sa rana ba ɗaurin aure bane. In har kina son zuwa ki faɗa wa Mama, a haɗa ki da yayarki ko ƙaninki, ku je da rana ku dawo kafin magariba, kuɗin getin ɗan rakiya ma shi zai biya. In yace shi sai ku biyu, ki ce masa tekun ba inda zashi nan da wata biyu.