Amsa kan wasan tonon kayan Fir'aunoni

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki kan wasan nan na waya da yara suka liƙe wa, wanda ake tona rairayi ana tara kayan tarihin Masar, kuma na fahimci abin da kike son ji shi ne ko suna ƙaruwa da wani ilimi ko kuwa caji da data kawai suke ƙonawa. Na buga shi na kwana biyu, ban ga abin da zai ɓata tarbiyya ba, kuma ko ba komai sun riƙe sunan Fir'auna Tutankhamun.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A wasan, sau uku za ki dangwala yatsa sai ga fuskar zinariya ta fito. Shi kuwa Howard Carter, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, shekaru ya yi yana nema a Kwarin Sarakuna kusa da Luksor kafin a gano kabarin Tutankhamun a watan Nuwamba na 1922, da guminsu Misirawan da suka yi haƙan, sannan kwashe kayan da suka haura 5,000 ya ci kusan shekara goma, domin kowanne sai an ɗauki hotonsa an rubuta inda yake kwance.

Wasan ya kuma koya wa yaro cewa wanda ya tono shi ne mai kaya, alhali dokar Masar ta 1983 ta ce mallakar ƙasa ne. Da wannan tunanin aka yi awon gaba da Dutsen Rosetta, wani dutse mai ɗauke da tsohon rubutun Masar, wanda Ingilishi suka tsinta a garin Rashid. A'a, na yi kuskure, sojojin Faransa ne suka same shi a 1799, Ingilishi suka karɓe bayan sun ci su da yaƙi, kuma tun 1802 yana Landan. Mutum-mutumin kan sarauniya Nefertiti ma, da aka haƙo a Amarna a 1912, har yau yana Berlin, Misirawa suna ta neman abinsu kamar masu roƙon aro. Wannan magana idan na ɗauko ta sai mu kai asuba.

Ki bar su su buga, amma ki rufe hanyar saye a wayar, domin da zarar ƙarfin tonon ya ƙare kuɗi wasan yake nema.