Amsa: Wa zai riƙe me a fadar daular da ka ƙago?

Malam, ka tambaya ko sarkin daular da kake ƙagowa a labarinka zai iya riƙe yaƙi da baitulmali da shari'a shi kaɗai. Gaskiya ban ba ka wannan shawara ba. Mai karatu ba zai gamsu ba, kuma fadar za ta rasa rikicin da zai ja labari.

Dubi Damagaram tamu. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, har igwa aka ƙera masa a nan gida, amma duk da haka akwai Kaigama a kan mayaƙa, alƙali a kan shari'a, ga Ciroma ɗan gidan sarauta mai hangen gado. Abin da na fi so ka lura da shi: sarakuna kan damƙa manyan amanoni ga bayin fada da babanni, domin su ba su da hurumin hawa karaga. Ƴan'uwan jini su ne abin tsoro.

To a daularka, ba wa bawan sarki makullin rumbu da ƙofar turaka. Ƙanin sarki kuwa ka ba shi dawaki, amma hatsin ciyar da su sai ya roƙa wurin wannan bawan. Masu zaɓen sarki ma ka bayyana su tun farkon labari, kafin sarki ya kwanta ciwo.