Kyautar gida ga 'ya'ya mata bayan likita ya ce ciwo ya bazu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An gano ina da ciwon daji na hanta, likitoci sun ce ya bazu, yanzu sai maganin rage zafi kawai. Iyayena sun rasu. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu duk mata, sai ƙannena maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina so in ba 'ya'yana gidan da muke ciki kyauta tun ina raye, kada a sayar a raba su rasa wurin zama. Wani ya ce min dukiyata ce, tunda hankalina ƙalau kuma ina fita kasuwa, ba mai hana ni. Ina kuma son haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Tausayin da kake wa 'ya'yanka abin yabo ne, ɗan'uwa, sai dai akwai magana ɗaya a tambayarka da ta juya hukuncin: likitoci sun ce ya bazu. Da bara ka ba su gidan, kana lafiya, suka karɓa ka fita daga cikinsa, da kyauta ta zauna. Yau kuwa kana cikin abin da malaman fiƙihu ke kira ciwo mai ban tsoro, wanda a Mukhtasar na Shehu Khalil aka bayyana shi da ciwon da masana magani suka ce yawanci ana mutuwa da shi. Ma'aunin shi ne hukuncin likita, fita kasuwa ba ta cire ka daga ciki. Mai irin wannan ciwo yana ci, yana ciyar da iyali, yana neman magani ko nawa ne, yana saye da sayarwa a farashin kasuwa. Kyauta da sadaka da waƙafi ne ake rataye su: in ya warke su tabbata, in ya cika a ciwon su zama tamkar wasiyya, ba su wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Wasiyya kuma babu ita ga magaji, sai da yardar sauran magada. 'Ya'yanka magada ne.

Wanda ya ce maka dukiyarka ce, maganarsa tana da asali, ko da bai sani ba. Ra'ayin malamin Andalus Ibnu Hazmin ne da mazhabar Zahiriyya, cewa kyautar mara lafiya ɗaya take da ta mai lafiya muddin hankalinsa na nan. Mazhabobi huɗu sun saɓa masa, kuma hujja tana wajensu. Muslim ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa wani mutum ya 'yanta bayinsa shida dab da rasuwarsa, ba shi da wata dukiya sai su. Annabi (SAW) ya kasa su uku, ya yi ƙuri'a, ya 'yanta biyu ya mayar da huɗu, ya kuma yi magana mai zafi a kan mutumin. Ibnu Hazmin ya ce wasiyya ce mutumin ya yi, saboda wata ruwaya ta zo da lafazin wasiyya. To ya za a yi da abin da ke cikin Muwaɗɗa? Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha wasaƙi 20 na dabino (wasaƙi babban ma'auni ne na awo) daga gonarsa da ke wani wuri mai suna Gaba tun yana lafiya, ba ta yanke ba har ciwon ajali ya zo masa. Ya ce mata da ta yanke ta karɓa da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce, a raba bisa littafin Allah. Hankalinsa ƙalau yake a lokacin, A'isha ce kuma mafi soyuwar 'ya'yansa. Da mara lafiya yana da ikon ba magaji kyauta, me ya hana shi sabunta mata nan take? Dalilin hanin ba taɓuwar hankali ba ne, haƙƙin magada ne da ya riga ya rataya da dukiyar.

Kuma abin da kake tsoro bai kai yadda kake gani ba. A ɗauka duk abin da ka mallaka naira miliyan 30 ne, likkafani da bashi suka ci 3, saura 27. Iyakar wasiyyarka 9 ke nan. In ka ware 3 don rijiya, saura 24: matarka tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, 'ya'yanka kashi biyu cikin uku, miliyan 16, ƙannenka 5. Wato 19 cikin 24 na cikin gidanka. Rijiyar halal ce, a cikin sulusin za a lissafa ta.

Hanyar da shari'a ta buɗe maka ita ce ka kira ƙannenka, ka gaya musu halin da ake ciki, ka roƙe su su amince da kyautar. A mazhabar Malikiyya yardar da magaji ya bayar a cikin wannan ciwo tana lazimtarsa, sai in yana ƙarƙashin ciyarwarka ko kana bin sa bashi, domin irin wannan kunya ce ke sa shi cewa to. Matarka tana cikin waɗanda kake ciyarwa, don haka tata yardar sai ta sake furta ta daga baya. Wasu mazhabobin ba sa ƙirga yarda sai bayan rasuwa, shi ya sa ya fi a rubuta yanzu gaban shaidu biyu adilai, a kuma sabunta ranar rabo. In sun ƙi, haƙƙinsu ne, kada ka ƙullace su. Sai a yi wa gidan kuɗi, a biya su kasonsu daga jarin kasuwa.

Ina yi maka kashedi da dabarar da ta zama ruwan dare: rubuta takardar ciniki ta ƙarya, ko sa tsohon kwanan wata a takardar kyauta. Rangwamen da ya wuce kima ga magaji hukuncinsa na kyauta ne, shaidun da suka sa hannu kuma shaidar zur suka yi. Bai kamata wannan ya zama aikin da mutum zai rufe littafinsa da shi ba.

Ba ka ambaci bashi ba, kai kuwa ɗan kasuwa ne. Shi ne gaba da rijiya, gaba da gida. A daren nan ka rubuta wanda ke bin ka, da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka. In ka taɓa cin bashin matarka ka nemo shaida a kai, domin iƙirarin mara lafiya ga magaji ana iya tuhumarsa. In akwai ƙanana cikin yaran ka naɗa musu wasiyyi amintacce. Wanda ka ɓata wa ka neme shi da bakinka.

Wannan sanarwa da ka samu, mutane da yawa ba su same ta ba, wasu a hanya ajali ya riske su da lissafi a warwatse. Duk da haka likita bai san rana ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta a Makka har ya fid da rai, 'yarsa ɗaya tak a lokacin, a kansa aka yanke hukuncin sulusi, sai ga shi ya tashi ya rayu shekaru masu yawa ya haifi 'ya'ya maza. Kada zafin ciwo ya sa ka roƙi mutuwa, ka roƙi Allah ya raya ka muddin rayuwa ce alheri gare ka. Ka sha maganin rage zafi, ba ya rage ladan haƙuri. Salla in tsayuwa ta gagara ka zauna, in zama ya gagara ka kishingiɗa, in ruwa na cutar da kai ka yi taimama. Wallahu a'alam.