Yadda ake auna kogo inda GPS ba ya aiki

Malam, ka tambayi yadda aka san tsawon Kogon Mammoth da ke jihar Kentucky ta Amurka ya haura kilomita 670, alhali GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, ba ya aiki a ƙarƙashin ƙasa. Da hannu aka auna shi, taki-taki, kuma akasarin masu aikin 'yan sa-kai ne, musamman ƙungiyar Cave Research Foundation da aka kafa a 1957.

Mutum uku ko huɗu sukan shiga tare. Na gaba ya sa alama a jikin dutse, sai a auna tazarar da ke tsakaninta da ta baya da tef, a ɗauki alƙibla da kamfas, sannan a auna hawa ko gangara. Yanzu na'urar DistoX mai hasken leza tana yin ukun lokaci guda. Amma a ganina nauyin aikin yana wuyan mai riƙe da littafi, wanda sau da yawa yana kwance rub-da-ciki cikin laka, yana rubuta lambobi da fensir yana zana siffar bango, domin lamba ɗaya da ta karkace za ta gurɓata duk abin da ya biyo bayanta.

Shi ya sa suke son hanya ta zagayo ta dawo kan tsohuwar alama: idan lissafin kwamfuta bai haɗe ba, an san akwai kuskure, sai a koma. Littattafan awon ma ana adana su, kuma irin wannan haƙurin ne ya kai ga gano hanyar da ta haɗa Mammoth da kogunan Flint Ridge da ke maƙwabtaka da shi a 1972.