Amsa ga Maman 'Yan Biyu kan zuwa taron Pennsic da yara

Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu. Tun jiya na ga tambayarki, cewa abokin aikin maigidanki ya gayyace ku zaman tanti na mako guda a taron Pennsic, kina son sanin ko wuri ne da Musulma za ta je da ƙananan yara, da yadda ake yi da salla da abinci da sutura. Na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Sau uku muka je da iyalina daga garin Columbus na jihar Ohio a nan Amurka, a 2018 da 2019 da 2023.

Ki je. Amma kafin ki amsa masa, maigida ya tambaye shi: da su wa za mu sauka, kuma a wane ɓangaren filin? Daɗin wurin da wahalarsa duk a nan suke.

Ga waɗanda ba su san abin ba, ƙungiyar SCA (Society for Creative Anachronism) ce ke shirya shi, wadda aka kafa a Berkeley ta Kalifoniya a 1966, ta masu raya rayuwar mutanen da suka gabaci ƙarni na 17: suturarsu, girkinsu, sana'arsu, yaƙinsu. Sun raba ƙasa masarauta masarauta, kowacce da sarkinta da sarauniyarta. Pennsic shi ne babban taronsu, tun 1972 ake yi, asalinsa yaƙin wasa tsakanin Masarautar Gabas da ta Tsakiya. Yanzu a filin Cooper's Lake ake yinsa, kusa da garin Slippery Rock a Pensilbaniya, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da Pittsburgh, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta. Mutum wajen dubu goma ne ke kwana a tanti. Makon farko sun kira shi makon lumana, na biyu makon yaƙi. Kan ki ankara gari guda ya tashi a fili, da tituna masu suna, da kasuwa, da makaranta.

To a garin nan ba a sauka barkatai. Mutane ƙungiya ƙungiya suke, kamar zangon fatake, kowane zango da ƙofarsa da tutarsa da murhunsa. Idan kin yi rajista da wuri kika rubuta sunan zangon da za ki sauka, ana ƙara musu murabba'in ƙafa 250 saboda ke, haka kowane mutum. Shi ya sa masu masauki ke matsa wa baƙi su yi rajista kafin a rufe. Wanda ya makara ya rage wa kowa fili ne.

Ɓangarori biyu za ki riƙa jin sunansu. Akwai Serengeti, shimfiɗaɗɗen fili babu bishiya, kusa da kasuwa da fagen yaƙi. Rana tana dukan mutum sosai a can, amma da dare an fi samun shiru. Akwai kuma Bog, can gangare wajen tafki, mai inuwa da sanyi, sai dai nan ne matattarar masu kwana kiɗa da shaye-shaye. Ba zan ɓoye miki ba, giya tana nan, har da ta zuma da wasu ke haɗawa a gida su zo da ita. Shekararmu ta farko ba mu yi tambaya ba, muka sauka kusa da gangaren. Ganguna har bayan biyun dare, ƙaramar 'yata ta kasa barci kwana uku, ni kuma ina tashi asuba kaina kamar zai tsage. Na kusa cewa mu tattara mu tafi. Shekara ta biyu muka koma wani zango na iyalai a sama, gida bakwai, yara goma sha ɗaya, kuma sai ka ce wani taro daban muka zo.

Abin da ya gyara mana zaman shi ne mun faɗi yadda muke tun kafin zuwa. Maigida ya rubuta wa matar da ke kula da zangon cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, ba ma son a sa ta a girki, kuma muna salla sau biyar. Wallahi ba mu ga ko ɗaure fuska ba. A zangon ana girkin dare na tarayya, kowane gida da ranarsa, sai suka ware mana tukunya da ludayi, aka riƙa rubuta abin da ke cikin kowace miya a allo. Ranarmu na yi dafa-duka da farfesun rago na kusan mutum talatin, har ƙanzo aka kankare. Naman a shagon halal muka sayo a Pittsburgh, na daskarar da shi, muka riƙa sayen ƙanƙara kullum. Ki tafi da kilishi, garin kunu, dabino da zoɓo. Idan aka miƙo miki abin sha a wani zango ki tambaya, ba sa jin haushi. Akwai wani sharbar Farisawa da suke yawan yi, sekanjabin, na sukari da na'ana'a da ɗan ruwan khal, babu maye a ciki, kuma yana kashe ƙishi fiye da lemon kwalba.

Salla ba ta ba mu wuya ba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. A farkon Agusta magariba sai wajen takwas da rabi, isha kusan goma, asuba kafin biyar. Mun kafa 'yar rumfa a bayan tantinmu da tabarma da buta. Banɗakunan irin na roba ne da ake ajiyewa a taro, don haka kowa da butarsa, kuma masu zango da yawa suna haɗa wurin wanka na kansu da labule, ki tambaya ko naku yana da shi. Ranar Juma'a maigida ya tuƙa zuwa Pittsburgh ya dawo da la'asar.

Sutura kuwa, a nan ne zuciyata ta fi kwanciya. Dokarsu ita ce kowa ya yi ƙoƙarin sa kayan da suka yi kama da na kafin 1600, na kowace ƙasa. Matan Turai na wancan zamani dogayen riguna suke sawa suna rufe kai, don haka mayafinki ba zai ja ido ba ko kaɗan. Tun zuwana Amurka ban taɓa shiga taron Turawa na ji ni daidai da kowa ba sai a can. Mu ba mu ari kayan kowa ba. Maigida ya sa babbar riga ta saƙi da rawani, ni na ɗaura zanen rini mai shuni, wanda ya tambaya muka ce mu mutanen Kano ne na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wani dattijo mai ƙera sulke ya zaunar da maigida fiye da awa yana tambayarsa yadda lifidin dawakinmu yake. Ki guji leshi da atamfa mai zanen zamani, ki nemi auduga ko lilin mara ado, masu shan iska, kala biyar ko shida saboda gumi. Takalmi ki sa wanda ƙafarki ta saba da shi, domin mota ana sauke kaya ake kai ta wurin ajiya, sauran kwanakin duk a ƙasa za ki yi su.

Kan tanti ki ji ni da kyau. Hadarin wurin yana tasowa ba sallama. A 2018 muka kafa namu a ɗan kwari da gajerun turaku, ruwa ya sauko da dare ya bi ta ƙarƙashinmu, katifa da kayan yara duk suka jiƙe. Maƙwabta ne suka fito da fitila cikin ruwan suka kwashe yaran zuwa nasu tantin, da safe suka shanya mana kaya a igiyoyinsu. Ki sayi dogayen turaku na ƙarfe, ki zuba tufafi a akwatin roba mai murfi, ki ajiye kaya kala ɗaya na kowa a cikin mota. Bargo ma ki ɗauka, rana tana wuce digiri 30 amma goshin asuba da sanyi.

Yaƙin kansa abin kallo ne. Ana buga igwa, ɗaruruwan mutane cikin kwalkwali da garkuwa su yi karo, makamansu na sandar rattan ce, irin wadda ake saƙa kujera da ita. Wanda aka sara da kyau shi da kansa yake faɗuwa, amana ce tsakaninsu. Ki koya wa yara tun a gida cewa in aka yi ihun "Hold!" kowa yana tsayawa cak, kuma ki toshe wa ƙananan kunne lokacin igwa. Amma yaranmu ba yaƙin suka fi so ba. Babban ya koyi harbin baka, ta tsakiyar ta shiga ajin saƙar igiya da na rubutu da alƙalamin gashin tsuntsu, cikin ɗaruruwan darussan da ake bayarwa, yawancinsu kyauta. 'Yan biyunki tunda ba su kai goma ba, kada su bar idonki, ki rubuta sunan zangonku ki maƙala musu a riga. Daren Laraba na makon yaƙi kasuwa tana ci har tsakar dare da fitilu, ki kai su da wuri ku dawo kafin cunkoso.

Tunda karonku na farko ne, kwana huɗu ko biyar a makon yaƙi ya isa. Idan kin samu sunan zangon ki turo min, ina da taswirar 2023, zan duba miki inda ya faɗa. Turakunmu da rumfa ma suna nan a gareji, bana ba za mu je ba, in hanya ta biyo da ku Columbus ku tsaya ku ɗauka.