Jan kanarina ya koɗe, ko an cuce ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na sayi jan kanari da tsada a kasuwar tsuntsaye ta Jidda, amma da ya sake gashi sai ya koma ruwan lemo mai koɗewa. Shin rina shi aka yi? Kuma in sayi jan garin nan da masu shago ke tallata mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce rini ne. Kanarin daji na tsibiran Kanari kore-kore ne mai sirkin ruwan ɗorawa, ja kuwa ya samo asali ne daga barbarar da masu kiwo a Jamus suka fara a shekarun 1920 tsakaninsa da wani jan tsuntsu na ƙasar Benezuwela. Abin da tsuntsunka ya gada shi ne iya juya launin da ke cikin abinci ya zama ja, amma launin kansa sai ya ci zai samu. Mai shagon yana ba shi abincin launi, kai kuwa ƙila tsaba zalla ka riƙa zuba masa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne lokaci. Launi yana shiga gashi ne kawai sa'ad da yake tsirowa, kuma kanari sau ɗaya yake sake gashi a shekara, galibi a ƙarshen lokacin zafi, na kimanin mako 6 zuwa 8. Idan ka ga ƙananan gashi sun fara taruwa a gindin keji, ya rage waƙa, ga 'yan tsinkayen sabon gashi a kansa, to lokacin ya zo; gara ma ka fara ba shi abincin launin tun makonni biyu kafin nan. Gashin da ya riga ya fito kuwa, ko garin riyal ɗari ka zuba masa ba zai sauya ba.

Garin yana aiki, domin yawanci sinadarin kantazantin ne a ciki, kuma shi ke ba da ja mai ƙarfi. Sai dai ka sayi wanda ke cikin gwangwaninsa na asali, mai ma'auni a rubuce, ka guji wanda ake ƙullawa a leda. Ina roƙonka kada ka wuce ma'aunin don gaggawa: yawansa yana dusar da gashi ya koma kamar tsatsa, yana kuma wahalar da hantar ɗan tsuntsun da nauyinsa bai fi giram 20 da ɗoriya ba. Ni dai, ga wanda ba gasa zai kai tsuntsunsa ba, na fi son goggen karas da jan tattasai a cakuɗa da dafaffen ƙwai, a ɗauke ragowar bayan 'yan sa'o'i saboda zafin Jidda yana saurin lalata shi. Jan ba zai kai na kasuwa ba, amma zai yi kyau.

Wata Hajiya daga Makka ta tambaya ko garin zai mayar mata da kanarinta mai ruwan ɗorawa ja. A'a, Hajiya, tunda bai gaji jan ba, iyakarsa ya yi ruwan lemo mai dabbare-dabbare. Ki ba shi alayyafo da gwaiduwar ƙwai, su ne ke ƙara wa launinsa haske, kuma kada ki taɓa ba shi fiya, wato avocado, domin guba ce ga tsuntsaye.